Yarima ta yi ƙwai na tara, yaya zan tsayar da ita?

Maman Yarima:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon tsuntsaye. Don Allah shawara nake nema, hankalina ba a kwance yake ba. Ina da kokatil guda ɗaya, ƙaramin tsuntsun nan dangin aku, irin mai ruwan ɗorawa da jan kunci ɗin nan da ake kira lutino. Shekararta biyu da 'yan watanni a hannuna. Da aka ba ni ita cewa aka yi namiji ne, shi ya sa muka raɗa mata Yarima. Wata uku da suka wuce na wayi gari na tarar da ƙwai a ƙasan keji. Ita kaɗai ce kuwa, ko tsuntsu ɗaya ba ta taɓa haɗuwa da shi ba tun da ta zo.

Na farkon dariya muka sha, na ɗauke na zubar. Bayan kwana biyu ta sake, na sake ɗaukewa. Haka muka yi ta yi har guda biyar, sai ta tsaya kamar wata guda, na ce Alhamdulillah an rabu. Ashe hutu ta tafi. Yanzu ta ƙara huɗu, tara ke nan. Abin da ya tsorata ni, na jiya ɓawonsa ba ƙwari, ina taɓawa ya loɓa. Ga halinta ma ya sauya: in na sa hannu a keji sai ta buɗe fuka-fukai tana rangaji tana huci, ta yayyage takardar ƙasan keji tas, in na sake ta kuma ba inda take nufa sai cikin durowa.

Abincinta gaurayen tsaba ne, gero da irin sanfulawa, amma sanfulawar take tsincewa ta bar saura. Da dare nakan ɗan sam mata dafaffiyar shinkafa da ɗuminta daga farantina. A falo take zama tare da mu har wajen ƙarfe 11. Me zan yi?

Baba Mai Tantabaru:
Wa alaikumus salam 'yata. Ai maganar a fili take, tsuntsuwa ta isa aure kin hana ta. Nemo mata namiji, ta yi ƙwai na gaskiya ta ƙyanƙyashe, hankalinta zai kwanta. Amma kwashe ƙwan nan da kike yi ki daina. Ko kaza in ana kwashe mata ƙwai daga gurbi ba ta kwanci, sai ta yi ta zubawa.

Anti Mai Keji Uku:
Baba, rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu, rabin kuma ka yi mini afuwa. Batun kwashe ƙwai gaskiyarka ne, nan ne ma tushen matsalar. Kokatil kan yi ƙwai 4 zuwa 7 a zubi ɗaya, kowane bayan kwana biyu, sai ta ga gurbi ya cika jikinta yake tsayawa ta koma kwanci. Ke kuwa Maman Yarima kullum kina mayar mata da lissafi baya, ita kuma tana ta ƙoƙarin cike gurbi.

Amma namiji? A'a. Tsuntsuwar da ƙwanta ya fara laushi, ka kawo mata miji, ai ka ƙara wa wuta fetur. Za ta yi ƙwai, ta yi kwanci, ta ciyar da 'ya'ya, kafin su gama fita daga sheƙa ta sake zubi na biyu. Sannan 'ya'yan wa zai riƙe? Tsuntsu ne da kan yi shekara 15 zuwa 20, wasu har su wuce.

Baba Mai Tantabaru:
To ni dai shekara talatin ina kiwon tantabaru ban taɓa ganin aure ya kashe tantabara ba.

Anti Mai Keji Uku:
Tantabara ƙwai biyu take yi ta tsaya, Baba. Wannan kuma tara ta yi cikin wata uku, ga jikin duka bai kai giram 100 ba.

Nas Ta Tsuntsaye:
Salam. Ni ba likita ba ce, ma'aikaciya ce a asibitin dabbobi, kuma irin wannan muna ganinsa sosai, kokatil na cikin tsuntsayen gida da suka fi fama da shi. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, wato ƙwai mai laushin nan.

Ɓawon ƙwai kusan duka kalsiyam ne. Kafin tsuntsuwa ta fara ƙwai takan tara shi a cikin ramin dogayen ƙasusuwanta, daga nan take ɗiba tana gina ɓawo. In ajiyar ta ƙare kuma abinci bai mayar ba, sai jiki ya fara cin ƙashin kansa. Wannan ɗaya. Na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, tsokar da ke tura ƙwai waje ita ma sai da kalsiyam take aiki. Ga ƙwai mai laushi da ke da wuyar turawa, ga mai turawar ba ƙarfi. Haka ƙwai ke maƙalewa a ciki, kuma a ƙaramin tsuntsu irin wannan yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma awanni.

Ki sa mata ido. In kika gan ta a ƙasan keji ta kumbura gashi, ta wage ƙafafu, tana nishi, jela na sama da ƙasa da kowane numfashi, ciki ya kumbura, ko ta kasa kama sanda da ƙafa ɗaya, ko kashi ya ɗauke gaba ɗaya, kada ki tsaya rubuto mana. Ki sa ta a wuri mai ɗumi ki nufi likita. Kuma ko ba ki ga ko ɗaya cikin waɗannan ba, da ƙwai tara da ɓawo mai loɓawa, ni da ke ce a makon nan zan kai ta a duba. Ki nemi likitan da ya saba da tsuntsaye, ba kowane likitan karnuka da kyanwa ne ya iya su ba.

Maman Yarima:
Innalillahi. Na gode ƙwarai Nas. Yanzu na je na duba ta, tana kan sanda, tana ci, tana kuka kamar kullum. Amma kashinta ya yi girma sosai kwanakin nan, har da wari. Shi ma alamar ciwo ce?

Nas Ta Tsuntsaye:
Yawanci a'a. Tsuntsuwa mai shirin ƙwai ko mai kwanci takan riƙe kashi ta daɗe, sai ta saki da yawa lokaci guda. Alama ce dai cewa wani ƙwan na tafe. Rashin kashin shi ne abin tsoro.

Mai Gero:
In ya maƙale ai ba sai an je asibiti ba. A shafa man zaitun a duburar, a ɗan matsa cikin a hankali, zai fito. Na ga an yi wa kaza.

Nas Ta Tsuntsaye:
Malam, don girman Allah kada wanda ya matsa cikin kokatil. Ƙwan bai fi santimita 2 da rabi ba, tsuntsuwar kuma tafin hannunka ya rufe ta. In ya fashe a ciki, ɓawo ya yanki bututun ƙwai, ko gwaiduwa ta zube a cikin ciki ta ruɓe, garin gyaran gira an rasa ido. Abin da za a iya yi a gida shi ne ɗumi da shiru har a isa asibiti. A can ana yi mata allurar kalsiyam da ruwa, a ɗauki hoton ciki a ga inda ƙwan yake, wani lokaci a ba da maganin da ke taimaka wa bututun ya tura. In ya ƙi, likita na iya zuƙe ruwan ƙwan da allura ɓawon ya lafa a fitar da shi. Aikin hannun da ya saba ne.

Uwar Marigayiya Tauraruwa:
Ban cika magana a nan ba, amma wannan dole in sa baki. Tawa haka ta tafi. Shekara huɗu tana ƙwai ina kwashewa, ina ma alfahari wai lafiya ce ta yi mata yawa. Ranar da na gan ta a ƙasan keji na ɗauka kwanci take. Da na ga abin ba na lafiya ba ne na kai ta wani wuri, wanda ya duba ta ya ce mura ce, ya ba ni magani in sa a ruwa. Ko cikinta bai taɓa ba. Kafin gari ya waye ta mutu. Da aka buɗe, ƙwai ne ba ɓawo, ya fashe a ciki. 'Yar'uwa ki kai ta, kuma ki faɗa wa likita da bakinki adadin ƙwan da ta yi, kada ki jira ya tambaya.

Maman Yarima:
Allah sarki. Allah Ya ba ki haƙuri, na ji wannan har raina. Na samu likita, jibi za mu je in sha Allahu. Kafin nan me zan fara gyarawa a gida?

Anti Mai Keji Uku:
Ƙanwata, zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba: ke ce mijin.

Kada ki yi dariya, da gaske nake. Asalin tsuntsun nan daga Ostareliya yake, yankunan da ruwan sama ba shi da tabbas. A can ba ya ƙwai sai ya ga alamun wadata: rana ta yi tsawo, ruwa ya sauka, ciyawa ta yi tsaba, ga kogon itace mai duhu, ga abokin zama. To dubi gidanki. Fitila har ƙarfe 11, a wurinta rana ce mai tsawon awa 16 ko 17, kowace rana ta Allah. Kwano cike da sanfulawa mai maiƙo, ba ya taɓa ƙarewa. Durowa ga ta nan, kogo ya samu. Shinkafa mai laushi da ɗumi daga hannunki, wannan kuwa ita ce ta fi duka, domin tana kama da abincin da tsuntsayen nan ke amayo wa juna da 'ya'yansu lokacin kiwo. Saura tambaya ɗaya: ina kike shafa ta?

Maman Yarima:
Kai Anti, kin sa ni jin kunya. Bayanta nake shafawa, daga wuya har jela. Tana so sosai, sai ta kwantar da kai ta ɗaga jela tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Ni na ɗauka shagwaɓa ce.

Anti Mai Keji Uku:
Ba shagwaɓa ba ce, kiran miji ne. Baya, ƙarƙashin fiffike, gindin jela, duk wuraren namiji ne. Daga yau kai da kunci da wuya kawai, nan ne abokai ke sosa wa juna. In ta ɗaga jela a kafaɗarki, ki sauke ta a kan sanda ba faɗa ba tsawa, ki ba ta wani abin yi. In akwai madubi a kejin ki cire, haka duk wani abin wasa da take gogawa ko take yi wa amai. Takardar ƙasa ki sa ta ƙarƙashin raga inda baki ba zai kai ba. Durowa, bayan kujera, cikin kwali, ƙarƙashin bargo, cikin rigarki ma, duk a rufe mata hanya.

Sai dare. Ki ba ta duhu awa 12 zuwa 14. Ni ƙarfe 6 na yamma nake kai nawa ɗakin da ba kowa, sai 8 na safe. Rufe keji da zane a falo alhali ana kallo ana hira ba ya aiki, tana jin ku, ta san gari bai kwanta ba.

Ɗan Tukku:
Anti a nan ina da ja. Kokatil na da firgitar dare, duk wanda ya daɗe da su ya sani. Inuwa ta gilma ko wani abu ya faɗi, sai su hau dukan keji da fuka-fukai a cikin duhu ba sa ganin sanda. Nawa ya taɓa karya sabon gashi mai jini a haka, na tashi ƙarfe uku na dare na tarar da jini a bango. Tun daga ranar ban sake barinsa a baƙin duhu ba. Yanzu a ce a kai tsuntsuwa mai ƙwai a ciki wani ɗaki ita kaɗai awa 14?

Anti Mai Keji Uku:
Ban musa ba, yana faruwa. Amma in ka kunna fitila mai haske ai ka rushe aikin.

Ɗan Tukku:
Ba mai haske ba. 'Yar ƙaramar nan ta dare, a ajiye ta nesa a ƙasa, daidai yadda za ta iya hango sanda. Kuma ɗakin ya zama inda Maman Yarima za ta ji motsi in an firgita.

Nas Ta Tsuntsaye:
Ku biyun duka kuna kan hanya. Dishi-dishi kamar na farin wata ba ya ɓata lissafi, hasken ɗaki ne ke ɓatawa. Kuma kada a tsallaka daga ƙarfe 11 zuwa 6 a dare ɗaya in tsuntsuwar mai tsoro ce, a riƙa ja baya da awa guda-guda.

Abu ɗaya zan ƙara kan maganar Anti. Sauya wa keji wuri da jujjuya sanduna da kwanuka yana taimakawa, domin tsuntsuwa ba ta son yin sheƙa inda abubuwa ba su zauna ba. Amma lokacinsa kafin ta fara zubi ne ko bayan ta bar ƙwai. Yanzu da wani ke hanya, a bar ta ta sauke lafiya.

Maman Yarima:
Ya iso. Na goma, yau da asuba. Wannan ɓawonsa ya ɗan fi na baya. Ban taɓa shi ba, yana kusurwar keji. In sa mata kwali ko tsumma ta kwanta a kai? Tausayi take ba ni a kan raga.

Anti Mai Keji Uku:
Kwali a'a, akwatin sheƙa a'a. Duk abin da ke da rufi da duhu cewa yake yi mata ƙaro wasu. In ƙwan na gangarawa, ɗan faranti marar zurfi da takarda ɗaya a ciki ya isa. Ki bar mata su. Kwancinsu kwana 18 zuwa 21 ne, in lokaci ya wuce ba abin da ya fito, da kanta za ta gane baragurbi ne ta tashi. Sai ta yi kwana biyu uku ba ta waiwaye su ba sannan ki ɗauke. Ki matso mata da ruwa da abinci kusa, don masu kwanci kan manta da ci. A daji miji ne ke karɓar ta da rana ita ta yi dare, taki kuwa ita kaɗai za ta yi duka.

In kin samu ƙwan roba mai girman nasu, ki ƙara mata har su kai shida ko bakwai. Wasu in suka ga gurbi ya cika sai su tsaya da wuri. Yana kuma maganin fashewa, don in na gaske ya fashe sai ta nemi mayar da gurbinsa.

Sabon Shiga:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni kokatil mata da miji gare ni, ba na son su yi 'ya'ya. Yaya zan yi da ƙwan?

Nas Ta Tsuntsaye:
Ranar da aka yi shi ka ɗauke ka musanya da na roba. In babu, ka dafa shi, ya huce, ka yi masa ɗigo da alƙalami don ka gane shi, ka mayar. A ranar farko ba abin da ya fara girma a ciki, sai an yi kwanaki ana kwanci jijiyoyin jini ke bayyana. Kuma ka cire akwatin sheƙa bayan sun bar ƙwan.

Maman Yarima:
Mun dawo daga wurin likita. Nauyinta giram 94. An ɗauki hoto, akwai wani ƙwan da ke haɗuwa, amma yana daidai, bai maƙale ba. An yi mata allura, an ba ni kalsiyam na ruwa in riƙa ɗiga mata a baki na ɗan lokaci. Da na faɗi abin da take ci sai likita ya dafe kai. Ya ce in koma felet, wato haɗaɗɗen abincin tsuntsaye na kamfani mai ƙwaya-ƙwaya, da ganye, amma ba yanzu-yanzu ba. Ya kuma yi maganar wani abu da ake sawa a ƙarƙashin fata in abin ya ƙi. Ban gama fahimta ba, kaina ya cika.

Mai Gero:
Felet kuma! Wa ke ba su felet a dajin Ostareliya? Tsaba Allah Ya halitta musu. Wannan duk dabarar 'yan kasuwa ce.

Ɗan Tukku:
Malam Mai Gero, na daji yini yake yana tashi neman abinci da ruwa, yana ƙona maiƙon. Tsabar da yake ci iri-iri ce, har da ɗanya da ba ta bushe ba. Yana shan rana. Kuma ba ya ƙwai goma a wata uku. Naka na keji sanda uku yake tsallakawa ya isa kwano.

Mai Gero:
Nawa shekara takwas kan gero, ko tari bai taɓa yi ba.

Anti Mai Keji Uku:
Naka namiji ne Malam, ba ya gina ɓawo kowane kwana biyu. Kuma shekara takwas rabin tafiya ce, ciwon hanta na maiƙo a hankali yake zuwa.

Nas Ta Tsuntsaye:
Ba wanda ya ce tsaba guba ce. Matsalarta abin da babu a cikinta. Busasshiyar tsaba kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, fosforas kuma da yawa, shi kuwa in ya rinjaya yana hana jiki amfana da ɗan kalsiyam ɗin da ya samu. Ba ta da bitamin A na kirki, ba ta da bitamin D3. Sanfulawa kuma kusan rabinta mai ne. D3 ɗin nan shi ne mabuɗi: in babu shi, ko ƙashin kifin tekun nan da ake ratayawa a keji, katilbon, ta cinye guda sukutum, hanji ba zai tsotsi abin kirki ba. Jiki na haɗa shi in hasken rana ya taɓa tsuntsu kai tsaye, amma gilashin taga yana tare irin hasken da ake buƙata. Ajiye keji a bakin taga a rufe ba shan rana ba ne. Ko dai a fitar da ita cikin kejinta na ɗan lokaci da safe, rabi a inuwa, mutum na tsaye a kai saboda kyanwa da shaho, ko D3 ya zo ta abinci. Amfanin felet ke nan, an haɗa komai a kowace ƙwaya, ba ta da damar tsincewa.

Amma Malam Mai Gero bai faɗi ƙasa warwas ba. Likitoci da yawa ba sa son kokatil ya zauna kan felet zalla, sukan ce a bar masa kason tsaba, ga ganye kullum. Kuma in ta koma felet, a daina zuba bitamin a ruwa sai da izinin likita, don D3 da kalsiyam in suka yi yawa ƙoda suke illatawa.

Ganye: karas, burokoli, kabewa, jan tattasai, ganyaye masu duhun kore. Alayyahu jefi-jefi, yana ɗauke da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam. Abin da ba a ba su ko kaɗan: avokado, cakulan, kofi da shayi, albasa, da abin gishiri.

Baba Mai Tantabaru:
Ban ji an ambaci tsakuwa ba. Tsuntsu ba ya niƙa abinci sai da 'yar tsakuwa a ƙundu.

Nas Ta Tsuntsaye:
Tantabara ke nan Baba, ita da ɓawo take haɗiye tsaba. Dangin aku ɓarewa suke yi kafin su haɗiye, ba sa buƙata. Tsuntsuwa mai neman kalsiyam ma tana iya dirar wa tsakuwa ta cika ciki ya toshe.

Baba Mai Tantabaru:
To, yau na ƙaru. Ashe kowane tsuntsu da kukan gidansu, da cin gidansu.

Maman Yarima:
Na gwada ba ta karas yau, ta kalle shi kamar na ajiye mata maciji. Felet kuwa ta watsar da shi ƙasa. In cire tsabar gaba ɗaya, yunwa ta sa ta ci?

Anti Mai Keji Uku:
Kul! Kada ki kuskura. Kokatil na iya mutuwa da yunwa a gaban kwano cike, domin abin da bai sani ba a wurinsa ba abinci ba ne. Balle mai kwanci. Shi ya sa likita ya ce ba yanzu ba. A yanzu abin da za ki yi kaɗan ne: rage sanfulawa a hankali, daina shinkafar dare, rataya katilbon, ba da maganin likita, ajiye ganye kullum ko ba ta taɓa ba.

In ta bar ƙwai sai a fara yaƙin felet. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ki auna ta kowace safiya kafin ta ci, ki rubuta. In ta rage kusan kashi 10 cikin 100, a wurinta giram 9 ke nan, ki tsaya ki kira likita. Ki riƙa duba kashi ma: in ya ƙanƙance ya yi duhu, ba ta ci.

Dabarar da ta yi mini aiki: a ƙasa suke kiwo, don haka ba a kwano nake sawa ba. Na baza felet a farantin da ba zurfi, na barbaɗa gero kaɗan, ina ƙwanƙwasa farantin da farce kamar ina tsattsaga. Kwaɗayin ganin me nake ci ya sauko da su. Ɗaya kwana biyar ta karɓa, ɗaya sai da muka yi wata huɗu muna kallon-kallo. Ganye kuma a yanka mitsi-mitsi kamar tsaba, ko a maƙala shi jiƙe a jikin keji, wasu garin wanka da shi suke fara ɗanɗanawa. Da safe ake gwadawa, lokacin da suka fi jin yunwa. Zangarniyar gero a ajiye ta ta zama lada, ba abin ratayawa yini guda ba.

Nas Ta Tsuntsaye:
Na ga ba a amsa miki batun abin ƙarƙashin fata ba. Sunansa deslorelin, ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, ana sa shi a baya, yana kwantar da homon ɗin ƙwai, wato sinadarin jiki da ke sa ta yin ƙwai, na tsawon watanni, sannan ƙarfinsa ya ƙare a sake in da buƙata. Akwai kuma allurar leuprolide da ake maimaitawa bayan 'yan makonni. Suna aiki, amma in aka koma gida ana shafa baya ana kunna fitila har tsakar dare, da ƙarfinsu ya ƙare za a koma gidan jiya. Mataki na ƙarshe tiyata ce, a cire bututun ƙwai. Tsuntsuwa na hagu kawai gare ta mai aiki. Ma'ajiyar ƙwan kanta ba a cika cirewa ba don tana manne da manyan jijiyoyin jini. Aiki ne mai haɗari a jiki ƙarami haka, ba a yin sa sai rai na cikin hatsari.

Maman Yarima:
'Yan uwa ga labari bayan kusan wata guda. Ta ƙara ɗaya bayan dawowarmu daga asibiti, sha ɗaya ke nan, na cika mata da na roba huɗu, daga nan ta tsaya. Ta yi kwanci kamar da gaske, in na matso sai huci, har yatsa ta fasa mini. A kwana na 22 ta hau sanda ta yi zamanta, na jira kwana uku na kwashe. Na mayar da kejin wani ɓangare, na jujjuya sanduna. Barci ƙarfe 7 zuwa 8 na safe, da 'yar fitilar Ɗan Tukku. Nauyi ya sauka zuwa 89 lokacin kwanci, yanzu 91. Tana cin burokoli, saman kawai, karas har yau abokin gaba ne. Felet ta ɗanɗana sau biyu ta yi mini kallon raini.

Abin da ya fi mini wuya hana hannuna shafa bayanta. Jiya ta zo kafaɗata ta kwantar da kai, na sosa kunci kawai, ta juyo tana kallona kamar na ci amanarta. Maigida kuma shi ne mai satar ba ta shinkafa, na kama shi sau biyu.

Anti Mai Keji Uku:
Masha Allah. Ki ci gaba da awon safe, in kika ga nauyi ya haura giram biyar shida cikin 'yan kwanaki ga manyan kashi, wani zubin ne ke tafe, ki kira likita tun kafin ya sauka ku yi maganar ɗan abin fatar. Maigida kuma a ba shi zangarniyar gero ya riƙa bayarwa, ya huce.

Baba Mai Tantabaru:
Saura suna. Yarima mai ƙwai goma sha ɗaya dai ba ta yi ba, a mayar da ita Gimbiya.

Maman Yarima:
Na gwada Baba, ko juyowa ba ta yi. Yarima take amsawa. Bari in je, na ji ƙarar durowa, yaran nan sun sake barinta a buɗe.